Hedifon Mai Raga da Shirun Inna

Ni mutum ne da ba na yarda da wuri, kuma ba haka aka haife ni ba, Abuja ce ta mayar da ni haka. A kasuwar kifi ta Kado na taɓa zaɓar tarwaɗa mai rai, tana wutsil-wutsil a cikin baho, aka shiga da ita baya wai za a gyara mini, aka fito mini da wata wadda ta kwana biyu da barin duniya. Tun daga ranar, duk abin da na zaɓa da hannuna ba na ɗauke ido daga kansa sai ya shiga motata. Matata tana cewa ko gaisuwa aka yi mini sai na juya ta na duba bayanta. Ban taɓa musa mata ba.

Da wannan halin na shiga neman hedifon, a shekarar da aka yi wa Inna aiki a gwiwa.

Daga gida muka ɗauko ta, can ƙasar Funtuwa, muka kawo ta wurinmu a Kurudu. Bayan an yi aikin likita ya ce saura gashi, wato a riƙa kai ta asibiti ana gasa gwiwar ana motsa ta, kuma bai ɓoye mini komai ba. Ya ce idan ta daina zuwa gashi kafin ya sallame ta, gwiwar za ta sandare, ba za ta ƙara lanƙwasuwa ba, ko sallah sai dai a kan kujera. Inna kuwa tun ranar da ta iso hankalinta yake kan awakinta. Aikin da ke gabana ke nan, in riƙe ta a Abuja har a gama.

Sai dai riƙe Inna ba abu ne mai sauƙi a wurina ba, domin ni ne ɗanta na fari. A wajenmu, mace irin ta zamaninsu ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta kallonsa ido cikin ido, ba ta yi masa magana kai tsaye. Na san matan yanzu sun watsar da wannan, har hoton ɗan fari suke sawa a fuskar waya suna kiransa da sunayen gayu. Inna ba ta watsar ba. Idan tana son ruwa alhali ni kaɗai ne a kusa, sai ta kalli bango ta ce, "Butar nan dai ta bushe." Idan na dawo daga ofis na durƙusa na gaishe ta, ƙofa take amsa wa: "An dawo? To, sannu." Idan lokacin magani ya yi, sai ka ji ta ce wa taga, "Rana ta yi nisa." Kuma ba da ƙarfi take faɗa ba, ƙasa-ƙasa ne, kamar mai magana da kanta. Wanda bai saba ba zai ɗauka surutun tsufa ne. Ni na saba, kunnena kullum a buɗe yake ta ɓangarenta.

Ina da wani ɓoyayyen hali da abokan aikina a ma'aikata ba su sani ba. Furfura ta fara leƙowa a gemuna, amma ina buga gem. Na yaƙi nake so, irin wanda ake shiga kango ana farautar juna da bindiga. Ina kuma son fim, ina son kiɗa, tun daga tsohon kiɗan garaya har na 'yan zamani. Idan na tsira daga cunkoson hanyar Karu na iso gida da sauran numfashina, abin da ke wanke mini kai ke nan. Yaranmu suna makarantar kwana, saboda haka falon nawa ne, da manyan sifiku biyu da nake ji da su.

Da Inna ta zo sai ta ƙi zaman ɗaki da rana. Ta sa aka shimfiɗa mata katifa a kusurwar falo, kusa da taga, wai ta riƙa ganin masu wucewa. Da farko na ci gaba da harkata, na dai rage murya. Amma na lura duk lokacin da bindiga ta fara tashi sai ta yi shiru, ta karkatar da kai gefe guda, ta daina jan carbi. Na ce a raina, shi ke nan, ana takura wa tsohuwa. Ranar da kuma wani fim ya kai inda saurayi yake zuba wa budurwa kalamai, da sauri na kashe, kunya kamar in nutse. Na yanke shawara in kwashe hayaniyata in mayar da ita cikin kunnena.

Matsalar ita ce, ba kowane hedifon zai yi mini ba. Ina son wanda zai fitar mini da kiɗa tsaf, wanda zan ji takun abokin gaba a gem in san ta inda yake tahowa, amma kuma wanda ba zai raba ni da maganar Inna da bango ba.

Wata Asabar na shiga wani shagon kayan sauti a Wuse. Mai shagon mutumin wajen Akwanga ne, mai faɗin fuska da yawan dariya, kuma yawan dariyar ne ya fara sa ni tsarguwa. Kafin in gama bayani ya ɗora mini wani mai fitilu ja da kore, wai na 'yan gem ne. Ya kunna wata waƙa daga wayarsa. Ji na yi kamar ana daka a cikin ƙoƙon kaina. Na cire na ce masa ya kashe waƙarsa, na zo da tawa. Ai na san dabarar, kowane ɗan kasuwa yana da waƙar da ke rufa wa kayansa asiri.

Abin gwajina wani tsohon kiɗan garaya ne da aka juyo daga kaset. A cikinsa akwai mai buga ƙwarya can baya, akwai kuma wani maroƙi da ke jefa kirari daga nesa. A cikin mai fitilun nan ƙwaryar ta ɓace ɓat, maroƙin kuwa kamar an tura shi rijiya.

"Oga, na gane ka yanzu," in ji mai shagon. "Kai kana da kunne. Wannan ne naka."

Ya ɗauko wani baƙi mai laushi, ya ɗora mini, ya danna wani maɓalli a gefensa. Nan take duniya ta mutu. Janareton maƙwabcinsa da ke ta ruri ya yi tsit. Ina ganin bakinsa yana motsi, ba na jin komai. Gaskiya kiɗan ya fita, har maroƙin ya fito daga rijiya. Amma sai na ji tsoro ya kama ni, na cire da sauri.

"Ka gani? Ko janareto yana kuka a kan kai naka, ba za ka ji ba. Ko madam yana faɗa, shiru. Duk manyan oga wannan suke saya."

"Ni ba mai kashe duniya nake nema ba," na ce. "Ina son in ji kiɗa, in kuma ji wanda ke bayana."

Ya kalle ni kamar na ce ina son laima mai yoyo. Ya yi ta lallashina a kan baƙin, ni kuwa yawan lallashin ya ƙara tabbatar mini cewa a nan ribarsa take. Da ya ga ba zan motsa ba, sai ya jawo wani daga ƙasan kanta, ya hure ƙurar da ke kansa. Wannan bayansa raga ne, kana iya hango cikinsa. Ba batir, ba maɓalli, waya ce kawai doguwa. Da na sa shi sai na ji kamar ba a kunnena ake kiɗan ba, kamar ina zaune ne a ƙofar gida ana yi a gabana, mai garaya a nan, mai ƙwarya a can. Na gwada da gem a wayata, na ji takun mutum yana zagayowa ta bayana har na waiwaya. Kuma duk da haka ina jin janareton maƙwabci, ina jin masu ciniki a waje.

Saura gwaji na ƙarshe. Na ce wa mai shagon ya koma bayana, ya fuskanci bango, ya ce a hankali, "Butar nan dai ta bushe."

"Oga, wane buta?"

"Kai dai faɗi."

Ya je ya tsaya gaban bango kamar wanda aka yi wa horo a makaranta, ya faɗa. Na ji shi sarai. Na ce ya ƙara rage murya. Ya rage, na sake ji. Wata mata da ta shigo sayen caja ta dube mu, ta juya ta fita ba ta sayi komai ba.

Ya gargaɗe ni cewa irin wannan yana yoyon sauti, na kusa da kai zai riƙa jin ɗan tsiii kamar kukan sauro. Na ce na ji, sauro ba baƙo ba ne a Kurudu. Ya ce zai kawo mini sabo dal a kwali daga sito. Na ce a'a, wanda na gwada shi nake so, da ƙurarsa. Yana cikin sa shi a kwali a bayan kanta wayata ta yi ƙara, matata ce take cewa in biyo da tattasai. Na ɗauke ido na ɗan lokaci kaɗan. Da na juyo har ya rufe kwalin ya sa a leda, yana dariyar nan tasa.

Kwanakin farko na sha daɗi. Na kashe sifiku, na koma kujerata da ke fuskantar talabijin, Inna tana bayana ta hannun dama. Na ji abubuwa a cikin tsofaffin waƙoƙi da ban taɓa sanin suna ciki ba. A fim, idan aka rufe ƙofa sai in ji kamar ta ɗakinmu ce. A gem kuwa na zama abin tsoro, ba mai iya zagayo ni. Na yi ta yaba wa kaina, ga biyan bukata, ga ladabi.

Sai a hankali na lura da wani abu. Tun da na fara sa hedifon ɗin nan ban ƙara jin buta ta bushe ba. Ban ƙara jin rana ta yi nisa ba. Wata rana na waiwaya na ga matata tana ba Inna magani, lokacinsa har ya gota, ni kuwa ban ji an yi wa taga magana ba.

Nan take zuciyata ta tafi Wuse. Na tuna kiran tattasan nan, na tuna dariyar. Na ce an yi mini irin ta Kado, an musanya mini da mai toshe kunne. Washegari daga ofis ban zarce ko'ina ba sai shagon. Na ajiye masa kwalin a kan kanta na ce ya fito mini da wanda na gwada.

"Oga, shi ne wannan. Wallahi ban canza ba, irin wannan ba mai saya sai kai."

"Ba na jin na bayana."

Bai yi musu ba. Ya ɗora mini shi, ya kunna kiɗa, da kansa ya tafi gaban bango ba tare da na sa shi ba. "Buta ya bushe," ya ce. Na ji. Ya ƙara da cewa, "Buta ya bushe, oga yana so ya kashe ni." Wannan ma na ji. Na tattara kayana na fita, amma ban gamsu ba. Na ce mai yiwuwa ya san yadda yake jefa muryarsa, ai sana'arsa ce.

A gida na ja matata ɗaki, na sa hedifon, na ƙure kiɗa, na ce ta yi raɗa a bayana. Ta ce, "Allah ya shirye ka." Na ji ta tsaf. To, ashe mai shago ya fita. Ba kunnena ne ya toshe ba, Inna ce ta daina magana.

Mai hali irin nawa idan zarginsa ya tashi daga kan wani, ba ya komawa gida, wani yake nema ya sauka a kansa. A kan matata ya sauka. Ita ce take wuni da Inna ranakun da ba ta da aiki, ita take kai ta gashi. Na fara yi mata tambayoyi ta gefe. Ko an yi wata magana a hanyar asibiti? Ko miyar ta cika yaji? Ko an nuna gajiya a fuska? Ta ajiye ludayin da ke hannunta ta dube ni.

"Maigida, fito fili. Kana nufin na yi wa Inna wani abu?"

"Ban ce ba."

"Ka ce mana. Matar da nake wanke wa ƙafa da hannuna? Ni tana yi mini magana lafiya lau. Sai ka shigo take yin gum. Ka binciki kanka."

Wannan amsar ba ta yi mini daɗi ba, don haka na ajiye ta a gefe. Muka kwana biyu muna gaisuwa sama-sama.

Ana cikin haka ƙanwata ta kira ni daga gida. Ko gama gaisawa ba mu yi ba ta ce, "Yaya, Inna ta ce a zo a ɗauke ta. Ɗan kawu zai shigo Abuja da mota, ran Lahadi zai biyo."

Na ce, "Wa ya ce a ɗauke ta? Ba a gama gashi ba."

"Ita ta ce. Ta ce ta gaji."

"Ko dai ke kika gaji da ba awaki dusa?"

"Haba Yaya! Ni ce ma nake ce mata ta zauna."

Ban yarda da ita ba. Na ce lallai ita take hure wa Inna kunne a waya, tana son mai tsare mata yara. Na zargi ɗan kawu, na ce neman fasinja yake. Har maƙwabciyarmu mai shigowa gaisuwa na zarga, wata 'yar Kafanchan mai kirki da ba ta taɓa yi mini komai ba, na ce ko ita ta ba Inna labarin wani mai gyaran ƙashi na gargajiya. A cikin 'yan kwanakin nan babu wanda ban tuhuma ba a raina, har na rasa wanda zan kalla in ji sanyi.

Na shiga ɗakin da Inna take kwana na ga jakar bakko a ɗaure, an ɗora sallaya a kai. Ba ni da ikon in tsaya gabanta in ce, "Inna, me ya sa?" Ban taɓa yi ba, ita ma ba ta taɓa ba ni fuskar yi ba. Sai na gwada hanyarta. Na zauna a falo na fuskanci talabijin da ke kashe, na ce, "Likita dai ya ce idan aka bar gashi, gwiwa sandarewa za ta yi."

Can ta ce wa taga, "A gida ma akwai ruwan zafi."

Iyakar abin da na samu ke nan.

Ran Asabar bayan la'asar ina zaune a kujerata, raina a dagule. Gobe mota za ta zo. Na ɗauki hedifon na sa don kawai kada a yi mini magana, amma ban kunna komai ba. Na riƙe abin buga gem a hannu, hoton kango yana tsaye a talabijin, ni kuwa tunani nake yi ko in kira likita ya tsorata ta a waya. A bayana matata ta kawo man zafi ta zauna tana murza wa Inna gwiwa.

Sai na ji muryar Inna, ƙasa-ƙasa.

"Ya toshe?"

Matata ta san ina ji, da ita aka yi gwajin raɗa. Ta ce, "Ya sa abin nasa, Inna."

"To." Inna ta nisa. "'Yar nan, kada ki sa wa ranki komai. Ba ke ba ce. Na ji ana ta tuhumarki, bangon gidan nan ba kauri gare shi ba."

"To mene ne, Inna? Ƙafar nan fa ba ta gama ba."

"Gidan ne ya mutu."

Na ƙame a kujera. Yatsana yana kan maɓalli, na kasa dannawa, na kasa ɗagawa.

"Ke ba ki san yadda aka yi da mu ba," in ji Inna. "Da aka yaye wancan, kakarsa ta ɗauke shi. Gidanta yana bayan namu, danga ce tsakani. Ban isa in leƙa ba, a ce ba ni da kunya. Sai in ɗauki tsintsiya in tafi gindin dangar nan in yi ta shara, wurin da ko tsinke babu. Idan na ji yana buga gwangwani, na san lafiya lau. Ranar da na ji shiru, tuwo ba ya wuce mini. Ni ban raine shi da hannu ba, da kunne na raine shi."

Matata ta ci gaba da murzawa. Ina jin ƙarar tafin hannunta a kan gwiwar.

"Da na zo nan na tarar yana ta harbe-harbensa, na ce alhamdu lillahi, har yanzu yana buga gwangwaninsa. Ina kwance ina saurare. Idan ya ci su na sani, kiɗan da ake yi daban ne. Idan suka ci shi ma na sani. Har waƙoƙin nan nasa na banza na fara ganewa. Kwatsam sai ya je ya sayo marfi ya rufe. Na ce to, an gaji da tsohuwa mai magana da bango. Ban ga laifinsa ba, mutum da gidansa. Amma wa zan yi wa magana, kunne a rufe? In dai ƙeya zan zauna ina kallo, gara in je in ji kukan awakina."

Ban san yadda zan faɗi abin da na ji ba sai dai in faɗe shi yadda yake. Tausayi ya kama ni, da kunya, da wani irin daɗi da na rasa inda zan ajiye shi. Tun ina yaro na ɗauka Inna haƙuri kawai take yi da ni, kamar yadda ake haƙuri da baƙon da ya daɗe. Ban taɓa sanin akwai wata danga ba. Idona ya cika, hoton kangon nan ya narke a gabana, kuma ba ni da damar ko share fuska. Na san abu ɗaya: idan ta gane na ji, ba sai gobe ba, yau ɗin nan za ta nemi mota, don ba za ta iya haɗa falo da ni ba bayan wannan maganar.

Haka na zauna kamar gunki. Na bari hirarsu ta koma kan tsadar tattasai, ta koma kan wani biki da za a yi a gida. Da na tabbatar maganar ta yi nisa, sai na yi tsaki mai ƙarfi, na fizge hedifon daga kaina, na ce wa talabijin, "Wannan abu zafi yake sa wa kunne. Mutumin nan ya cuce ni." Allah ya yafe mini, mai shagon bai ji ba bai gani ba. Na tashi na jona sifikuna, na murɗa murya har gilashin taga yana rawa. Bindiga ta tashi a falon kamar ana yaƙin gaske. Ban waiwaya ba. A gem ɗin aka kashe ni ya fi a ƙirga.

Haka na yi ta bugawa har aka kira magariba.

A hanyar masallaci halina ya dawo. Na tuna hedifon nan yana yoyon sauti, na kusa yana jin kukan sauro. Lokacin da take magana kuwa ban kunna komai ba, babu sauron da ya yi kuka. Matar da ke jin gwangwani ta bayan danga, a ce ba ta lura da wannan ba? Na kuma tuna amsar da matata ta ba Inna, wadda ba ƙarya ba ce, ba kuma gaskiya ba ce. Da na dawo na tare ta a kicin na ce, "Ke da Inna kun haɗa baki ne?" Ta ci gaba da kwashe tuwonta ta ce, "Kai dai ka cika zargi." Har yau iyakar abin da ta taɓa ce mini ke nan a kan maganar.

Lahadi da hantsi ɗan kawu ya iso. Ya durƙusa ya gaida Inna, aka kawo masa koko da ƙosai, ya sha ya goge baki. Sannan ya ce, "Inna, a fito da kaya? Gara mu kama hanya da wuri."

Inna ta ci gaba da kallon taga. Na jira, na jira, ban ji komai ba. Na ce a raina shi ke nan, na makara. Ba zan bari baƙo ya ɗauki kayan uwata a gidana ba, don haka na shiga ɗaki da kaina na jawo jakar bakkon, na kawo ta bakin ƙofa. Nauyinta bai kai nauyin da ke ƙirjina ba. Matata tana tsaye a ƙofar kicin ta harɗe hannu, ɗan kawu yana kaɗa makullin mota.

Sai Inna ta gyara zaman ƙafarta a kan matashi, ta ce wa taga, "Ana ta jan kaya. Gobe ba ranar gashi ba ce?"

"Ranar gashi ce, Inna," in ji matata da sauri.

"To." Ta dubi ɗan kawu. "Ka gaida mutanen gida. Ka ce wa ƙanwarsa ta riƙa ba awakin nan dusa da safe, ba sai rana ta take ba."

Ɗan kawu ya buɗe baki, ya dube ni, ya dubi jakar. Ni kuwa ina tsaye riƙe da igiyarta, na kasa gaba na kasa baya. Inna ta juya fuskarta ga bango, ta rage murya yadda ta saba.

"Mai jan kaya kuma ya mayar inda ya ɗauko, ya zo ya kunna abinsa. Gidan ya yi shiru."

Na ja jakar na mayar ɗaki, na turo ƙofa. Na daɗe a ciki kafin na iya fitowa.